Daga Jabi Zuwa Dutsen Iska: Abin Da Muka Gano A Gashaka

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na farkon shekara, a Jabi, Abuja



 Muna godiya ga Allah da ya kai mu ya komo da mu lafiya, muna kuma godiya ga shugabanni da suka ba mu wannan dama. Tun da muka dawo, duk wanda muka haɗu da shi a masallaci ko a bakin tashar Jabi sai ya tare mu da tambaya guda: wai me ya kai ku Mambila da tsohuwa da yara, a wannan zamani na tsadar mai da fargabar hanya? Sakatare ya ce maimakon mu riƙa ba da amsa ɗaiɗai, gara mu tsaya gaban jama'a mu faɗa sau ɗaya kowa ya ji. To ga mu. Sai dai muna roƙon a yi haƙuri da mu, domin labarin ba na yawon buɗe ido kaɗai ba ne, akwai abin da ya shafi zamanmu a nan Jabi, kuma shi ne za mu ƙare da shi.

Dalilin tafiyar

Mahaifiyarmu Hajiya, wadda yawancinku kun sani, ba a Kano aka haife ta ba kamar yadda ake zato. A Serti aka haife ta, cikin ƙasar Gashaka, a Jihar Taraba ta yanzu. Mahaifinta Bakano ne, falke, yana kai wa Fulanin kan tsaunuka kanwa da gishiri da tufafi, ya sayo ƙiraga. Tafiya ta yi tafiya har ya zauna can, ya yi iyali, can kuma Allah ya yi masa rasuwa a 1974. Tun da Hajiya ta je ta'aziyyarsa ba ta sake taka garin ba, watau shekara 50 ke nan cif.

A cikin azumin 2024 ta yi jinya mai tsanani. Da ta sami sauƙi sai ta kira mu ta ce buri ɗaya ya rage mata a duniya: ta ga gidan da aka haife ta, jikokinta kuma su je maƙabarta su yi wa mahaifinta addu'a. Muka shiga kawo uzuri irin namu na 'yan Abuja, yau aiki, gobe kuɗin makaranta. Ana cikin haka sai babban ɗanmu, mai shekara 16, ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Wai Baba, Serti ɗin nan a wace ƙasa take?" Jama'a, yaron nan zai lissafa muku 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen ɗaya bayan ɗaya bai yi tuntuɓe ba, amma garin da aka yanke cibiyar kakarsa bai san a Nijeriya yake ba. Laifin wa? Namu ne. Daren nan muka yanke shawara, hutun Disamba in Allah ya kai mu sai Gashaka.

Kwana uku a hanya

Mu bakwai muka tashi: mu da uwargida, da Hajiya, da ƙanenmu wanda muke karɓa-karɓar tuƙi da shi, da yara uku. Doka ɗaya muka kafa tun daga gida, ba tafiyar dare ko ta halin ƙaƙa. Muka bar Jabi bayan sallar asuba don mu riga cunkoson Nyanya da Mararraba, muka bi ta Keffi da Akwanga. Da muka kama Hawan Kibo kafin Jos, yara suka yi tsit suna leƙen kwazazzabo. Hajiya ta dubi autanmu, wanda take kira mijinta, ta ce, "Haba maigida, tun yanzu? Ai wannan tudun gona ne, bari mu je inda ake hawa."

Muka wuce Jos da Bauci. A Dindima muka nuna wa yara mararrabar Yankari, gandun dajin da yawancin mutanenmu suka fi sani, sa'an nan muka kwana Gombe wurin dangi. Kashegari muka bi ta Kaltungo, muka tsallaka Kogin Binuwai a gadar Numan, inda Kogin Gongola yake zuba a cikinsa, muka kwana Jalingo. Rana ta uku muka nausa kudu ta Bali. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suka yi kauri, duwatsu suka fara tasowa shuɗi-shuɗi daga nesa. Hajiya da ta kwana biyu tana gyangyaɗi a mota sai ga ta ta miƙe zaune, tana kiran sunayen rafuka kafin mu kai gare su. La'asar sakaliya muka shiga Serti.

Serti da ƙuri'ar 1961

Abin da ya fara tarbar mu shi ne baƙin ciki. Garin ya girma, ya zama hedikwatar ƙaramar hukumar Gashaka, nan kuma fadar Lamdon Gashaka take. Hajiya ta sa muka zaga unguwa uku tana neman wata bishiyar mangwaro da ta sani a ƙofar gidansu. Ba mangwaro ba dalilinsa. Duk wanda muka tambaya yaro ne a kan zancen. Muka koma masauki tana share ido da gefen mayafi, tana cewa lalle kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Don mu ɗebe mata kewa sai uwargida ta ce, "Hajiya, ba yaran nan labarin ƙuri'ar da kike ba mu mana." A nan ne 'ya'yanmu suka ji abin da ba su taɓa ji a makaranta ba, kuma muna zaton da yawa a zauren nan ma ba su sani ba. Ƙasar Gashaka da Mambila a dā ba cikin Nijeriya take ba. Jamusawa ne suka mallake ta a cikin Kamaru. Da aka ci su a Yaƙin Duniya na Ɗaya sai aka danƙa wa Ingila riƙon wannan yanki, ana kiran sa Arewacin Kamaru. Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960 ba tare da shi ba. Sai a watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, a zaɓi Nijeriya ko Kamaru. Kimanin kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Nijeriya, aka haɗe ranar 1 ga Yuni 1961, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna saboda irin ƙoƙarin da Sir Ahmadu Bello ya yi a kan al'amarin. Har yau ƙaramar hukumar da ke kan Mambila sunanta Sardauna.

Hajiya tana da shekara 9 a lokacin. Ta ce tana riƙe da zanen mahaifiyarta a cikin layi, domin a wannan ƙuri'a har mata sun jefa, alhali kuwa matan sauran Arewa ba su sami wannan dama ba sai a shekarun 1970. 'Yarmu, wadda Hajiya ke kira kishiya, ta ce, "Ke nan Kaka da an faɗi zaɓen da yanzu Faransanci kike yi?" Hajiya ta yi dariya, karo na farko tun shigowarmu garin.

Cikin gandun Gashaka-Gumti

Da safe muka tafi ofishin gandun daji, wanda hedikwatarsa ke nan Serti. Muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ma'aikaci mai rakiya, domin ba a shiga sai da shi. Motarmu ba ta iya hanyar, sai muka yi hayar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, Hajiya a gaba, mu da yara a baya.

Bari mu ɗan ba ku bayanin wurin. An kafa gandun a 1991, aka haɗe tsofaffin gandayen namun daji biyu, na Gashaka a kudu da na Gumti a arewa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru, kuma duk Nijeriya babu gandun da ya kai shi girma. A wannan shekara ta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Taraba, ranar 27 ga Agusta, a cikinta kuma gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, ranar 12 ga Disamba. Kun ga ashe gandun nan sa'an babban birninmu ne.

Hanyar ƙasa ce mai gargada, ana tsallaka rafuka, shi ya sa sai da rani ake jin daɗin shiga. Muka tsaya a Kogin Kam, wanda can suke kira Mayo Kam, domin mayo shi ne kogi da Fulatanci. Akwai wani gurbi mai zurfi inda dorina ke zama. Mai rakiya ya sa muka yi shiru muka laɓe, can sai ga kunnuwa da hanci sun ɓullo saman ruwa, ta yi wani huci ta nutse. Autanmu ya ƙanƙame Hajiya, ita kuwa tana yi masa tsiya wai miji ya ba da mata. Mun ga garken gogo sun tare hanya ba su da niyyar kaucewa, mun ga kirka a kan itatuwa, da mugun dawa ya ɗaga wutsiya yana gudu, da tsuntsaye iri-iri, waɗanda aka ƙidaya fiye da iri 500 a gandun. Ƙudan tsando kuma ya gaisa da kowa, bai bar babba ba bai bar yaro ba. A ƙauyen Gashaka muka hau wani tudu muka ga kufan sansanin Jamusawa, duwatsun ginin suna nan. Yara suka taɓa da hannunsu, labarin daren jiya ya zama gani ya kori ji.

Abin da ba mu gani ba shi ne biri mai ganga, wanda gandun ya yi suna da shi a duniya. Ana kiran sa haka ne saboda yana dukan saiwar manyan itatuwa, ƙarar ta tafi nesa kamar ganga. Yana gyara tsinke ya zaƙulo zuma daga kogon itace. A shekara ta 2000 masana daga wata jami'a ta Landan, ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer, suka kafa sansanin bincike a Kwano, cikin kurmin, don nazarin waɗannan birai. Mai rakiya ya ce ganinsu sai an yi kwanaki ana takawa, kuma sai an yi sa'a.

Shi wannan bawan Allah ya buɗe mana ido a kan amfanin wurin. Ya ce ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan shi ke cika Kogin Taraba, Taraba ta zuba a Binuwai, Binuwai ta wuce Makurɗi ta haɗu da Neja a Lakwaja. In aka sare kurmin, rafukan za su riƙa ambaliya da damina su ƙafe da rani, masunci da mai noman fadama da ke ɗaruruwan kilomita daga nan su ne za su sha wahalar. Ya ce akwai ƙauyuka da rugage da doka ta bari a cikin gandun, suna noma suna kiwo bisa sharaɗi, domin an same su a wurin. Masu ba su wahala su ne mafarauta, da masu haƙar ma'adinai, da masu saran madobiya, itacen da 'yan katako ke kira madrid, wanda aka yi ta lodinsa daga Taraba zuwa ƙasar Sin a tsakiyar shekarun 2010. Akwai abokan aikinsa da suka rasa rayukansu a wannan aiki. A 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors don horar da ma'aikata da ba su kayan aiki.

Da yamma ya nuna mana tsaunuka ta gabas. Ya ce can ciki Cappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya. Akwai kuma Cappal Hendu, watau dutsen iska, domin hendu ita ce iska da Fulatanci. Duka biyun da ƙafa ake hawansu. Babban ɗanmu ya ce shi dai bai ji wata iska ba. Mai rakiya ya yi murmushi ya ce, "Gobe in kun kama hawan Mambila za ku gaisa da ƙanwarta." Kafin mu rabu Hajiya ta ba shi labarin gidan da muka rasa, ya ce a ba shi kwana biyu ya tambayi tsofaffi.

Hawan Mambila

Hanyar Gembu tana bin gefen gandun ne daga Serti. Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Jama'a, Hajiya ta yi gaskiya, Hawan Kibo tudun gona ne. Kwana ce bisa kwana, kana gama wannan wata na jiranka, dutse a hannu ɗaya, rami marar ƙarshe a ɗaya hannun. Manyan motoci suna rarrafe kamar hawainiya. Kunnuwa suka toshe, surutu ya ɗauke, ba ka jin komai sai salatin Hajiya da na uwargida.

Mun kusa kaiwa sama sai ƙanenmu ya ce allurar zafi ta tashi. Kafin mu sami wurin rakuɓewa tururi ya turnuƙe gaban mota. Tiyon lagireto ne ya tsage. Laifinmu ne, mun duba taya da birki a Abuja, ba mu duba shi ba, ruwan jarkarmu kuma ya tafi a sha da alwala. Muna buɗe ƙofa iska ta fizge ta kamar za ta ɓalle. Hularmu ta zanna, sabuwa fil, ta tashi sama ta yi kwazazzabo, har yau tana can. Sanyi kuwa har ƙashi. Dalili shi ne duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6, tudun Mambila kuwa ya kai mita 1,500 zuwa sama, ga hunturu yana busowa ba abin da ya tare shi. Yara da suka ƙi ɗaukar rigunan sanyi a Jabi sai ga su sun duƙunƙune cikin bargon Hajiya. Waya ba sabis. Rana ta fara karkata, mu da muka yi alkawarin ba tafiyar dare.

Muna cikin wannan hali sai ga wani dattijo makiyayi da yaronsa sun gangaro da shanu. Muka yi sallama, Hausarsa ba ta da yawa. Sai muka ji murya daga cikin mota ta ce, "Jam na?" Hajiya ce. Ta sauke gilashi ta shiga zuba Fulatanci kamar jiya ta bar shi. Mu da ta haifa ba mu taɓa jin ta yi jimla biyu a jere ba. Yara suka saki baki. Nan take dattijon ya sa yaronsa ya ɗauki jarka ya gangara rafi, sawu biyu, a wannan hawa da wannan iska. Ya tare wani ɗan acaɓa mai ɗauke da ayaba ya yi masa bayani, shi kuma ya sauke kayansa a gefen hanya ya tafi Maisamari ya ɗauko bakanike.

A nan wani abu ya faru da ya fi tsagewar tiyo ƙona mana rai. Babban ɗanmu, wanda tun daga Bali yake kiran mutanen hanya 'yan ƙauye, ya zaro kuɗi ya miƙa wa yaron ta taga, ko gaisuwa babu, kamar mai sallamar almajiri a danjar Jabi. Yaron ya dubi mahaifinsa. Dattijon ya girgiza kai ya yi wata magana. Hajiya ta fassara: ya ce a wurinsu baƙo ba ya sayen ruwa. Sa'an nan ta ce wa jikan nata, "Fito ka durƙusa ka ce useko." Ya fito cikin iskar nan ya durƙusa ya yi godiya. Mu ma kunya ta rufe mu, domin yaro abin da ya gani a gida shi yake yi.

Kafin magariba muka ƙarasa sama. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai tuddai, ciyawa iya ganinka, jajayen shanu, da layukan itatuwan turare. Kashegari muka ga gonar shayi ta Kakara, muka wuce Nguroje, muka kwana Gembu. A kasuwa muka tarar da 'yan'uwanmu Hausawa da shagunansu, suna ciniki da Mambilawa da Kaka da Fulani cikin harshe biyu ko uku. Sun ba mu labarin rikicin filaye na watan Yunin 2017 tsakanin manoma da makiyaya, wanda ya ci rayuka da dukiya. Ba mu je don mu yi wa kowa shari'a ba, amma mun ga yadda fuskokinsu ke sauyawa in ana zancen, mun gane zaman maƙwabtaka in ya ɓaci gyaransa ba na rana ɗaya ba ne.

Wajen gangarowa muka bi shawarar bakaniken: a sa ƙaramar giya inji ya riƙe mota, kada a ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa, domin in ya ɗauki zafi man birki kan tafasa, ka taka ka ji wayam. Muka sauko sannu a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Rijiyar Malam

Muna isa Serti mai rakiyar nan yana jiran mu. Ya kai mu wurin wani tsoho Bajibe, cikin Jibawa 'yan asalin ƙasar. Tsohon ya ƙura wa Hajiya ido, ya kira ta da sunan yarinta wanda mu kanmu ba mu taɓa ji ba. Ashe mahaifinsa ne ya sauki kakanmu, shi ya yanka masa filin da ya gina gida. Ya kai mu wurin. An rushe gidan an yi na bulo, wasu ne a ciki, mangwaron ma an sare. Amma a wajen katanga ga rijiya, mata suna jan ruwa. Ya ce har gobe sunanta rijiyar Malam, ko da yake masu ɗiban ba su san wane Malam ba ne.

Ya ce abu uku mahaifinsa yake yawan faɗa a kan kakanmu. Bai haƙa rijiyar ba sai da ya nemi izini, da ya haƙa kuma sai ya bar ta waje don kowa ya sha. Ya koyi gaisuwa da harshensu, yana zuwa musu jaje da barka. Sa'an nan mutane suna ba shi ajiya, ba a taɓa neman kwabo an rasa ba. Tsohon ya yi shiru, can ya ƙara da cewa, "Baƙin yanzu kuwa da injin yankan katako suke zuwa, ba sallama ba sai an jima."

Muka tafi maƙabarta mu maza. Kabarin ya baje, sai dai ya nuna mana gefen da yake. Yaran suka ɗaga hannu suka yi wa kakan ubansu addu'a. Da muka dawo muka sami Hajiya zaune bakin rijiyar, an jawo mata ruwa a guga ta sha ta wanke fuska. Ta ce, "To, alhamdu lillahi, mu tafi gida."

Abin da ya shafe mu a Jabi

'Yan'uwa, a hanyar dawowa maganar tsohon nan ta hana mu sakat. Mu ma fa baƙi ne. Kafin dokar Janar Murtala Muhammad ta 3 ga Fabrairun 1976 wadda ta kafa wannan birni, akwai masu ƙasar, galibinsu Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Gonakinsu ne suka zama titunan da muke bi, an tashi wasu ƙauyukansu an kai su wurare irin su Kubwa, wasu kuma suna nan tare da mu a Jabi da Dakibiyu. Gaskiya ne Abuja ta kowa ce, tsarin mulki ya ba mu ikon zama. Amma tsarin mulki ba ya zuwa jaje, ba ya zuwa barka. Mu nawa ne a zauren nan muka iya gaisuwa da Gwaranci? Mun yi shekara 20, wasu 30, muna sayen doya da itace a hannun matansu, mun san sunan ko mutum ɗaya? In bayan shekara 50 jikanmu ya zo Jabi yana neman inda muka zauna, wane ɗan ƙasa ne zai tuna da mu, kuma da me zai tuna?

Saboda haka muna gabatar wa ƙungiya shawara uku, a duba.

Ta farko, a buɗe asusu na musamman, ko da ɗan abin da ya sawwaƙa ne kowane wata, don a riƙa ɗaukar yaranmu sau ɗaya a shekara a kai su wani sashe na ƙasar nan tare da dattijo ko dattijuwa da suka san wurin. Ba lalle sai Gashaka ba, ga Yankari, ga Kainji.

Ta biyu, matasa su zauna da iyayenmu tsofaffi su rubuta inda aka haife su, da garuruwan da suka zauna, da waɗanda suka sauke su. Da Hajiya ta tafi a jinyar nan, da rijiyar Malam ta tafi tare da ita.

Ta uku, ƙungiya ta naɗa wakilai su riƙa kai gaisuwa ga sarakunan Gwarawa na yankinmu, da sallah da lokacin bukukuwansu da ranar rashi, ba sai rigimar fili ko ta kasuwa ta taso ba. In kuma Allah ya hore mana aikin rijiyar burtsatsen da ake ta magana, muna roƙon a kafa famfon a wajen katanga.

Ga masu niyyar zuwa Gashaka kuwa, ku tafi tsakanin Disamba da Maris. Ku fara leƙa hedikwatar hukumar gandayen daji da ke kan hanyar filin jirgin sama a nan Abuja ku ji halin da ake ciki, ku tambayi direbobin tasha lafiyar hanya kafin ku tashi. A duba birki da taya da lagireto har tiyonsa, a riƙe jarkar ruwa ta mota daban. A ɗauki rigunan sanyi da kuɗi a hannu, kada a dogara da waya. Kada a yi tafiyar dare. Mai hula kuma ya riƙe abarsa.

Hajiya tana nan cikin iyayenmu mata, tana jin mu. Tun da muka dawo jikokin suka sa ta gaba sai ta koya musu Fulatanci. Shi kuwa babban, ba mu ce ya zama waliyyi ba, har yanzu sai an ƙwace wayar kafin ya ci abinci, amma yanzu yana tsayawa ya gaida mai kawo mana ruwa a kura.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa waɗanda suka sauke su da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana.